Zauren kakanmu a Kurni: tsakanin daɓe da karo

A wannan mako zan ɗan jingine zancen siyasa da na farashin hatsi, in kawo muku wata magana ta cikin gida wadda ta kusa shiga tsakanina da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Na san da yawa daga cikinku, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, kuna da irin gidan da zan yi zance a kansa: gidan ƙasa na gado a ƙauye, wanda ba ku kwana cikinsa sai da salla ko zaman makoki, amma kuma ku ake jira ku aiko da kuɗin gyaransa in damina ta wuce.

Namu yana Kurni, cikin ƙasar Kance, ba nisa da Matamaye da iyakar Nijeriya. Kakanmu ya gina shi da kuɗin gyaɗa a shekarun farko na mulkin kai, zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake kwashe gyaɗar wannan yanki. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, dukiyar kakanmu ta bi ta. Abin da ya rage mana daga wancan arziki shi ne zaure.

Daga Damagaram aka ɗauko maginin. Ya ɗora tubali, ya jera azarar giginya, ya ɗaure baka huɗu da suka haɗu a tsakiyar rufi, ya tsai da zankwaye a kusurwoyi. A fuskar zauren ya yi zane tun yaɓe yana ɗanye: dagi a bisa ƙofa, da takobi, da allo, da keke, domin kakanmu ne ya fara hawan keke a unguwar. Inda bakunan suka haɗu ya manna babban farantin tangaran, ya kuma jera shida ƙanana a bango, irin waɗanda fatake ke kawowa daga kantunan Kano. Ƙasan zauren kuwa aikin mata ne. Kakarmu da kishiyarta da matan unguwa suka yi daɓen, suka jera tsingaro, wato ƙananan gutsattsarin tukwane da tuluna, layin baƙi layin ja, suna zagayawa daga tsakiya kamar saƙar faifai. A kan wannan daɓe na koyi rarrafe, a kansa aka ɗaura auren iyayena, a kansa kuma muka karɓi gaisuwar rasuwar mahaifinmu.

Kowa yana tune da daminar 2024. Ranar 3 ga watan Satumba tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya kwanta saboda ruwa. Ba a yi mako guda ba aka bugo mini waya daga Kurni cewa bangon gabas na zaurenmu ya zame, ya tafi da faranti ɗaya, ya danne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na daɓen. Allah ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Bayan girbi muka hallara. Yayana Alhaji ne, ɗan kasuwa, yana kai da kawo tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi yake ɗauke da gidan. Ya zo da shawararsa a ƙulle, har da samfuri a bayan mota: a rushe zauren, a tayar da bulon siminti, a buga kwano, a shimfiɗa karo fari mai ƙyalli kamar madubi daga ƙasa har rabin bango. Da na buɗe baki zan yi magana sai ya ce: «To, Mushe, za a fara karanto mana Faransanci ke nan.» Haka yake kirana tun ina lise in yana son ya tsokane ni.

Ban karanto masa Faransanci ba. Labarin abin da na gani a Maroko na ba shi, lokacin da na yi ƴan watanni a can wajen wani horo na ƴan jarida. A birnin Fas na shiga wata rumfa inda ake yin karon hannu da suke kira zallij. Yumɓu ake jiƙawa, a cuɗa, a zuba a ƙaramin ma'auni mai kusurwa huɗu, a shanya a rana, a gasa, a shafa launi, a sake gasawa. Daga nan mai sana'a ya zauna a ƙasa da wata guduma mai kaifi, yana sare kowane guntu da ido, wannan tauraro, wancan kamar ƙwayar dabino. Sai a jera guntayen a kife, fuska tana kallon ƙasa, a zuba musu kwaɓi ta baya, in ya bushe a ɗaga allon gaba ɗaya. Mai jerawa ba ya ganin launin abin da yake jerawa, a kansa zanen yake. Wannan sana'a ta bunƙasa a ƙarni na 14: makarantar Attarin da aka gina daga 1323 zuwa 1325, da ta Bu Inaniya ta shekarun 1350, har yau suna sanye da irin wannan ado. Daga sunan zallij ne mutanen Sifaniya da Fotugal suka samo sunan nasu karon, azulejo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa sana'ar ba ta mutu ba. Akwai masu saye. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, gyaran tsofaffin makarantu da gidaje ya buɗe wa masu sana'a ƙofar aiki. Babban masallacin Hasan na biyu a Kazablanka, wanda aka buɗe a 1993, ya ɗauki dubban masu aikin hannu shekara da shekaru. Attajirin Fas kuma in zai gyara gidan ubansa, ɗan garinsu yake kira ya sare masa zallij daidai da wanda ya fashe. Yaro ya ga ubansa yana ci da sana'a, sai ya zauna ya koya.

Su ma Nasara sun bi ta wannan hanya. A tsakiyar ƙarni na 19 aka soma yin karon siminti mai zane a kudancin Faransa, wajen garin Viviers. Ɗaya bayan ɗaya ake yin sa: a zuba siminti mai launi cikin ma'aunin ƙarfe mai rabe-rabe, a matse da inji, a bar shi ya bushe ba tare da gashi ba. Jiragen ruwa suka kai shi ƙasashen da suka mallaka. Bayan yaƙin duniya na biyu karon masana'anta mai araha ya kore shi, mutane suka riƙa fasa na kakanninsu suna zubarwa. Da jikokin suka tashi gyaran tsofaffin gidaje, sai ga su suna cigiyar wanda ya iya, har suna aika oda Maroko, suna biyan ninkin kuɗin na masana'anta.

Yayana ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce: «Wannan labarin Larabawa da Nasara ne. Mu ina muka taɓa yin karo?»

Tambayar ta dace, kuma ita ce ta sa na rubuta wannan maƙala. Gaskiya ne Bahaushe bai gasa karo mai ƙyalli ya manna a bango ba. Amma buƙatar da karo yake biya, wato ƙasa mai tsabta da bango mai ado wanda ruwa ba ya ci, kakanninmu sun biya ta da abin da ƙasarsu ta ba su. Shimfiɗa gutsattsarin tukwane a ƙasa tsohuwar fasaha ce a wannan nahiya. A Ile-Ife ta ƙasar Yarbawa an tono farfajiyoyi da aka shimfiɗe da su tun tsakanin ƙarni na 12 da na 15. A Daima, cikin ƙasar Barno kusa da tafkin Cadi, masanin tono Graham Connah ya tarar da irinsu a shekarun 1960. Daɓen kakarmu ɗan wannan dangi ne. Kowane tsingaro yumɓu ne da hannu ya gina, wuta ta gasa, hannu ya sake jera shi. In ba a kira wannan karon hannu ba, ban san sunan da za a ba shi ba.

Haka abin yake ga bango. Muna da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ya yi ja, a kwaɓa yaɓe da shi ko a yayyafa wa daɓe ana bugu, ya taurara ya yi sheƙi. Muna da laso, wanda shi ne simintin Hausa: katsin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina ake ƙonawa a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rijiyoyin rini su riƙe ruwa, da shi ake shafe rufin soro. Ku dubi yadda sana'o'in suke riƙe da hannun juna: magini yana jiran marini, yana jiran majemi, mai daɓe tana jiran mai ginin tukwane. Da atamfa ta rufe marina, laso ya bi ta. Da roba ta kori tulu, tsingaro ya yi wuya. Babu wanda ya zauna ya yanke hukuncin kashe su, kowa dai ya sayi abin da ya fi masa sauƙi.

Kuma da waɗannan kayan aka yi gine-ginen da muke kai baƙi su gani. Fadar Sarkin Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun, a tsakiyar ƙarni na 19, da gidajen attajirai masu zane na Birni da Zango, su ne fuskar garin tun kafin Nasara su shigo a 1899, da bayan sun mai da babban birni Yamai a 1926. Nijar ta gabatar da Birni da fadar cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kayan tarihin duniya a 2006, tsohon garin Agadas kuma ya samu shiga a 2013. A jahar Tawa, Falke Barmu ya soma ginin masallacin Yama a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, aka kammala mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu bisa tsarin Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, maimakon a rushe shi. Duk da ƙasa aka yi su.

Nan ne yayana ya kawo hujjar da ta rufe mini baki. Ya ce: «Ka ambaci Damagaram da Tawa, me ya sa ba ka ambaci Zariya ba?» Yana nufin babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, wanda wani sashe nasa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasu. Ya ce: «Kai kana Yamai kana rubutu. In zauren nan ya faɗa wa yara suna karatun allo, ni za a kira. Inna ta tsufa, ba ta iya yaƙi da gara da ƙura. Ado ba ya fin rai.» Ya mai karatu, wannan magana gaskiya ce, kuma duk mai son tsohon gini da bai yarda da ita ba, son kansa yake yi. Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Wanda ba zai iya yaɓe bayan damina biyu ko uku ba, ba zai duba indararo kafin ruwan fari ba, to gara ya rushe da hannunsa tun bai kashe wani ba.

Muka yarda a kira mai sani ya raba gardama. Da ƙyar aka samo wani tsohon magini a wani ƙauye wajen Kance, wanda ya yi yarinta yana miƙa tubali ga maginan Damagaram. Ya zo ya zagaya zauren sau biyu bai ce uffan ba. Ya ƙwanƙwasa bango uku da suka rage da sandarsa, ya sa kunne. Sa'an nan ya tsuguna wajen ɓaraguzan bangon gabas, ya ɗago wani fallen siminti mai faɗin faifai, ya juya mana bayansa. Ƙasar da ke manne da shi baƙa ce, a jiƙe, tana warin rima.

Ya ce: «Wa ya sa wa bangon nan riga?»

Muka dubi juna. Mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Shekaru da suka wuce, da ya ga ruwan gabas yana dukan wannan bango kowace damina, ya tara kuɗi ya sa aka shafe shi da siminti, yana ganin ya hutar da mu yaɓe har abada. Tsohon ya ce: «Alhaji, ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. In ka rufe ta da siminti, ba su kama juna, kuma ranar da ya tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita. Daga waje kana ganin bango lafiya lau, daga ciki ya zama kunu. In kuma ka shimfiɗa karo a ƙasan ɗakin ƙasa, danshin da ya saba fita ta daɓe zai koma gindin bango.» Bangon da aka fi kashe wa kuɗi shi ne ya faɗi, ukun da aka bari da yaɓen makuba suna tsaye. Na tambaye shi: «Baba, zauren zai gyaru?» Ya ce: «Azara biyu gara ta ci, sai an sauya. Sauran zai kai jikokinku in kun kula da shi.»

Duk da haka yayana bai sauko ba, domin ya riga ya sayi karon. Goggonmu ce ta ƙarasa zancen, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun da aka fara ba ta sa baki ba. Ta ce: «Kai ɗan nan, da aka yi daɓen nan ina da shekara tara, ni nake miƙa wa kakarku tsingaro. Jan layin nan na uku, tulun aurenta ne da ya fashe. Ka kai madubinka makewayi da ɗakin amaryarka, can ake son abin da ake wankewa. Nan kuwa ka bar mini, in na mutu ka yi yadda ka ga dama.» Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce: «Allah ya huci zuciyarki, Goggo.»

Da sanyin farkon 2025 aka yi aikin. Tsohon magini da yara uku suka buga tubali, suka bar shi ya bushe sosai, suka tayar da bangon gabas, suka sauya azara. Laso bai samu ba, don babu marina mai aiki kusa da mu da za ta ba mu katsi, sai muka tsaya ga makuba. Goggo ta aika gida-gida ana tattaro fasassun tukwane, ta tara ƴan mata bakwai na danginmu, ta nuna musu yadda ake gyara bakin tsingaro a kan dutse, yadda ake dasa shi cikin ɗanyar ƙasa, yadda ake riƙe madaɓi. Ranar farko suna ta dariya suna ɗaukar hoto da waya. Ranar ta uku biyu daga cikinsu sun fara gyara wa sauran layi.

Sabon tsingaron ya fi tsohon haske, har Alhaji ya ce a shafa masa toka da mai ya saje. Goggo ta ƙi. Ta ce: «A bar shi, a san inda hannun uwata ya tsaya, inda na jikokinta ya fara.» Na yi murmushi, domin abin da masana gyaran gine-ginen tarihi suka rattaba wa hannu ke nan a birnin Venise a 1964: abin da aka ƙara ya dace da na asali, amma mai dubawa ya iya rarrabe su, kada a yi wa tarihi ƙarya. Goggo ba ta taɓa shiga lakwal ba. Gurbin farantin da ya fashe ma ba mu cike shi da na kasuwa ba, magini ya fitar da zagayensa a sabon bango ya bar shi fanko.

Kada in ɓoye muku, aikin bai zo da araha ba, kuma bai ƙare ba, tun da za a sake yaɓe nan gaba, a sake bayan nan. A wajen biyan kuɗi ne na ga laifinmu ƙiri-ƙiri. Karon da aka ɗauko daga nesa mun biya shi yadda mai kanti ya faɗa, ba mu nemi ragin ko dala ba. Tsohon da ya ceci zauren kuwa, sai da muka yi rabin yini muna ja-in-ja da shi a kan jika biyu. Da yamma na ji kunya, na bi shi na cika masa. Na tambaye shi ko ƴaƴansa sun gaji sana'ar. Ya ce ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya ya tafi Libiya. Ya ce: «Ɗana, yaro ba ya gadon yunwa.»

To, a nan maganar ta dawo kanmu. Mun iya kuka in masallacin tarihi ya faɗi, mu ce ina gwamnati, ina UNESCO. Gwamnati tana da nata alhaki, ba na sauke mata shi. Amma ba ita ce ke yanke shawarar abin da za a yi da zauren ubanka ba. Kai ne, mai albashi, da kai, mai shago. Ba na cewa kowa ya koma ɗakin ƙasa, ni kaina a gidan siminti nake haya. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kafin ka aika a rushe, ka nemi tsohon magini ya duba, kada ka sa wa bangon ƙasa rigar siminti, in akwai tsohuwa a gidanku da ta iya daɓe, ka tara mata yara tun tana da ƙarfin zama, in ka kira mai aikin hannu, ka biya shi yadda ɗansa zai yi sha'awar zama kusa da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an samu wanda ya adana ta.

Da babbar salla na koma Kurni. Na tarar da yayana zaune a zauren da baƙinsa na kasuwa, ya sa an naɗe tabarma gefe guda yana nuna musu jan layi na uku. Da ya hango ni sai ya ce: «Mushe, zo ka faɗa musu sunan garin nan na Larabawa.» Ɗaya daga cikin baƙin kuma, wani Alhaji daga Magarya, yana tambayar inda za a samu tsohon maginin.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.